Tsakanin Jirgi da Jirgi: Wa Ke da Alhakin Dogon Layi?

 

Yau za mu tsaya a wani wuri da matafiyi ba ya cika tunawa da shi sai ya tsinci kansa a ciki, wato tsakanin jirgin da ya sauke shi da jirgin da zai ɗauke shi. Wanda ya tashi daga Kano, ko Abuja, ko Yamai zuwa ƙasa mai nisa, da wuya jirgi ɗaya ya kai shi. Ɗan kasuwa mai zuwa Guwanzu sarin kaya sai ya yada zango a Adis Ababa ko Doha. Ɗalibi mai zuwa Malesiya, da majinyaci mai zuwa Indiya, da dattijuwa mai zuwa ganin jikokinta a Turai, kowannensu sai ya sauka a wata ƙasa ya sauya jirgi. A wannan ɗan tsakani ne ake yin asarar da ba a shirya mata ba: mutum yana tsaye a layin jami'an shige da fice, fasfo a hannu, yana jin ana kiran jirginsa, gabansa kuwa mutum ɗari.

Abin da nake so mu fahimta shi ne, wannan layi abu ne da ake iya lissafawa tun kafin a sayi tikiti, kuma abu ne da hukuma take iya ragewa in ta ga dama. Saboda haka alhakinsa yana wuyan mutane uku: matafiyi, da wanda ya sayar masa da tikiti, da hukumar da ke riƙe da hatimi.

Mu fara da yadda ake yanka lokacin. Kowane babban filin jirgi yana da abin da ake kira mafi ƙarancin lokacin sauya jirgi. Kamfanonin jirage da hukumar filin ne suke tsayar da shi, a shigar da shi kwamfuta. A Amstadam, alal misali, kamfanin KLM ya daɗe yana aiki da minti 40 ga masu sauya jirgi a cikin yankin Turai da ba a duba fasfo, minti 50 kuma ga masu dogon zango. Duk tikitin da ya cika wannan sharaɗi, kwamfuta za ta sayar maka da shi, sau da yawa ma shi za ta fara nuna maka. Amma kwamfutar nan ba ta tambayar launin fasfonka. Ba ta san ko kana tafe da yara uku ba, ko ƙafarka tana ciwo, ko kana iya karanta allunan da ke nuna hanya. An auna lokacin ne da matafiyi mai ƙarfi a jika, wanda ya san wurin, wanda jirginsa ya sauka a kan kari, kuma fasfonsa yana buɗe masa ƙofar na'ura cikin ƙiftawar ido.

To mu yi lissafi tare. Mu ɗauka tikitinka ya nuna awa ɗaya da rabi tsakanin sauka da tashi, wato minti 90. Jirgi ya taɓa ƙasa, kafin ya gangara ya tsaya a buɗe ƙofa, minti 10 sun tafi. Kujerarka tana can baya, kafin na gabanka su sauke jakunkunansu su fita, wasu 15 sun bi su. In an ajiye jirgin nesa da gini sai an kwashe ku a bas, in kuma babu bas akwai doguwar tafiyar ƙasa, ka cire wasu 15. Sannan ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: ƙofar shiga jirgi ana rufe ta minti 15 zuwa 20 kafin lokacin tashi da ke rubuce. Minti 30 zuwa 35 suka rage maka ke nan, kuma a cikinsu za a duba fasfonka, a sake binciken jakarka, ka nemo ƙofar da za ka shiga. In jirgin farko ya makara da rabin awa tun daga gida, lissafi ya ƙare kafin ka taka ƙasa.

Mun saba da tashar mota, inda direba ba ya tashi sai mota ta cika, in ka tafi alwala yaron mota zai biyo ka ya ce Alhaji kai ake jira. Jirgin sama yana da lokacin tashi da aka yanka masa, in ya wuce shi sai ya bi bayan wasu, kuma a cikinsa akwai ɗaruruwan mutane da su ma wani jirgin ke jiransu a gaba. Shi ya sa ake rufe ƙofa ko da an san kana cikin ginin.

Me ke sa layin ya yi tsawo haka? Manyan filaye suna tara saukar jirage a lokaci guda da gangan, domin fasinjoji su samu jiragen da za su ci gaba da su. Jiragen da suka kwana suna tafiya daga Afirka da Asiya da Amurka, da asuba suke dira Turai kusan a jere. Mu ɗauka manya uku sun sauka tare, kowanne da mutum 300, jimilla 900. In teburin jami'ai 6 ne a buɗe, kowane fasinja yana cin minti ɗaya, na ƙarshen layi zai yi minti 150 a tsaye, awa biyu da rabi ke nan. In aka buɗe tebur 12, jiran ya ragu da rabi. Kun ga ashe tsawon layi yana bin yawan jami'an da aka sa a bakin aiki a wannan sa'ar. Kuma mai koren fasfo ba minti ɗaya yake ci ba. Za a tambaye shi ina za shi, wa zai sauke shi, ina tikitin komawa, nawa ne a hannunsa. Daga ranar 12 ga Oktoban 2025 ma ƙasashen Turai na yankin Shengen suka fara wani sabon tsari na yi wa baƙi rajista a kwamfuta, da hoton fuska da zanen yatsu, a madadin buga hatimi, kuma rajistar farko tana ƙara wa kowane mutum lokaci a gaban tebur.

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ga mai shirin tafiya ita ce: a wane gari zan tsaya gaban jami'in shige da fice? Amsar ta danganta da hanyar da ka bi.

In ka bi ta Doha, ko Dubai, ko Santambul, ko Adis Ababa da tikiti ɗaya, a ƙa'ida ba ka shiga ƙasar ba. Kana cikin ɓangaren masu wucewa, kayanka suna bin ka ta ƙarƙashin gini, abin da zai iya tsayar da kai shi ne binciken jakar hannu da nisan ƙofa. A nan ne ake karɓe wa mutane turare da man shafawa, domin tun 2006 dokar ruwa-ruwa a jakar hannu a yawancin filaye ba ta yarda kwalba ta wuce mililita 100 ba.

In Turai za ka, labari ya sha bamban. Yarjejeniyar Shengen, wadda aka fara sa wa hannu a 1985 a wani ƙauye na ƙasar Luksambag, yau ta haɗa ƙasashe 29 da suka ɗauke binciken fasfo a tsakaninsu. Ma'anar wannan ga matafiyi ita ce, a ƙasar da ya fara sauka ake duba shi. Wanda ya tashi daga Abuja zuwa birnin Rum ta Farankfut, a Jamus zai bi layi, a cikin ɗan lokacin sauya jirgin nan, kafin ya kama jirgin Italiya. Akwai kuma tarkon da ya kama mutane da yawa. Najeriya da Gana suna cikin ƙasashe 12 da dokar bizar Tarayyar Turai ta ce 'yan ƙasarsu sai da bizar wucewa ko da ba za su fita daga filin jirgi ba, sai dai wanda yake da uzurin da dokar ta amince da shi, kamar ingantacciyar bizar Amurka ko ta Kanada. Kowace ƙasa kuma tana da ikon ƙara wasu ƙasashe a nata jerin, don haka 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi da Sudan su ma sai su bincika ƙa'idar ƙasar da za su ratsa. Kuma in tikitinka ya sauke ka a garuruwa biyu na Shengen kafin ka wuce wata nahiya, jirgin da ke tsakaninsu tamkar na cikin gida ne, sai da cikakkiyar bizar shiga. Birtaniya ita ma tana da tata bizar wucewa da ta ɗora wa 'yan Najeriya masu ratsa Landan.

Amurka kuwa ba ta da ɓangaren masu wucewa irin na Doha. Tun watan Agustan 2003 ta dakatar da shirin ratsa ƙasarta ba tare da biza ba. Duk wanda ya sauka, ko da wata ƙasar za shi, a garin farko zai bi layin shige da fice. A mafi yawan filayensu kuma zai tsaya ya ɗauki akwatinsa, ya wuce kwastan, ya sake miƙa akwatin, ya sake bin layin bincike. Wanda ya sauka a Atlanta ko Washinton da awa ɗaya da rabi a hannu, ya sani ya ɗauko wa kansa aiki.

Kada mu manta da gida. Wanda ya taso daga Kano ko Sakkwato ko Maiduguri zai kama jirgin ƙasar waje a Legas, ɓangaren jiragen cikin gida daban yake da na ƙasa da ƙasa. Sai ya ɗauki kayansa, ya fito ya nemi mota, ya shiga cunkoson Ikeja, ya je ya bi layin awo, wanda ake rufewa kusan awa ɗaya kafin tashi. Ga kuma halin jiragen cikin gida da ɗaga lokaci, musamman in hazon hunturu ya sauka.

Wannan ya kawo mu kan tikiti ɗaya da tikiti biyu, kuma a nan nake roƙon mai sauraro ya ba ni kunnensa sosai. In tafiyarka duka tana kan tikiti ɗaya, da lamba ɗaya, kamfanin ya ɗauki alkawarin kai ka har inda za ka. Jirgin farko ya makara ka rasa na biyu, nauyinsa ne ya sa ka a wani ba tare da ka ƙara ko sisi ba. In kuwa tikiti biyu ne aka haɗa maka don a rage kuɗi, kamfani na biyu bai san da zaman na farko ba. A wurinsa kai fasinja ne da bai zo ba. Kuɗinka sun tafi, kuma a ƙa'idar yawancin kamfanoni, wanda bai hau zangon farko ba, sauran zangunan tikitin har da na dawowa sun mutu. Bayan haka, mai tikiti biyu galibi sai ya fita ya ɗauki akwatinsa ya sake awo, fitar nan kuwa shiga ƙasa ce, shiga ƙasa kuma sai da biza. Hausawa suka ce araha ba ta ado. Rangwamen da aka samu a ofishin ejan, ninkinsa ake biya a teburin kamfani a ƙasar da ba ka san kowa ba.

Matafiyi yana da haƙƙi, kuma ya kamata ya san iyakarsa. Yarjejeniyar Mantiriyal ta 1999, wadda Najeriya ke cikinta, ta ɗora wa kamfanin jirgi alhakin asarar da jinkirinsa ya jawo wa fasinja ko kayansa. Tarayyar Turai kuma tana da doka mai lamba 261 ta shekarar 2004, wadda ta shafi duk jirgin da ya tashi daga Turai, da jirgin kamfanin Turai da ke shiga cikinta. In ka isa inda za ka da jinkirin awa 3 ko fiye, kuma laifin kamfani ne, diyyar doguwar tafiya tana kaiwa yuro 600. Amma in jirgi ya sauke ka a kan lokaci, layin jami'an gwamnati ne ya riƙe ka, kamfani zai ce ba hannunsa, diyya ba ta hau kansa ba. Wanda ya fi kowa shan wahalar layi shi ne wanda doka ta fi bari a sarari.

Shi ya sa nake ganin bai kamata a bar hukumomi su wanke hannunsu ba. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, wadda aka kafa bisa yarjejeniyar Shikago ta 1944, ta ba ƙasashe shawara a rubuce cewa su sa wa kansu burin sallamar fasinjan da ba shi da wata matsala cikin minti 45 da saukarsa daga jirgi. Akwai ma'auni ke nan, kuma kowace ƙasa za a iya auna ta da shi. Ƙasar da ta karɓi kuɗin biza, ta karɓi harajin filin jirgi a cikin kuɗin tikiti, sannan ta bar tebura a rufe mutane na tsaye, ba ta yi wa baƙonta adalci ba. Tsaron iyaka haƙƙin kowace ƙasa ne, babu mai ja. Amma tsaro yana cikin ingancin bincike, tsayuwar tsohuwa awa biyu ba ta ƙara wa kowa aminci.

Mu ma nan gida akwai gyara. A watan Mayun 2017, Farfesa Yemi Osinbajo, yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya sa hannu a wani umarni da ya ce hukumomin da ke aiki a filayen jiragen sama su haɗe bincikensu wuri guda, ya kuma haramta roƙo da karɓar na goro daga matafiya. An yi umarnin ne domin koken ya yi yawa: wannan ya duba fasfo, wancan ya sake dubawa, na gaba ya buɗe jakar da aka riga aka buɗe. A 2024 kuma aka fara kafa ƙofofin na'ura masu karanta fasfo a Abuja da Legas. Mataki ne mai kyau, kuma ya cancanci yabo. Abin da ya rage shi ne a riƙa kula da na'urorin kada su zama kayan ado, a tsara aikin jami'ai daidai da lokutan saukar jirage, a kuma riƙa bayyana wa jama'a minti nawa fasinja ke yi a layi a kowane fili. Abin da ake aunawa a bainar jama'a shi ake gyarawa. Kano, inda jirgin sama ya fara sauka a Najeriya a 1925, ta yi shekaru tana zangon jiragen da ke kai da komo tsakanin Turai da kudancin Afirka. In muna son filayenmu su sake zama mahaɗa kamar Adis Ababa, sai baƙo ya tabbata zai sauka ya wuce cikin sauƙi da mutunci.

Akwai misali da ya shafe mu kai tsaye. Duk wanda ya sauke farali ya san jiran da alhazai ke yi a filin Jidda ko Madina bayan doguwar tafiya. Saudiyya ta ɓullo da shirin da ta kira Hanyar Makka, inda jami'anta ke zuwa ƙasar alhazai su gama duba fasfo da ɗaukar zanen yatsu tun kafin a tashi, alhaji ya sauka ya wuce mota kai tsaye, kayansa su same shi a masauki. Malesiya da Indunusiya da Pakistan da Bangaladash da Turkiyya suna ciki, a Afirka ma akwai Maroko da Kwaddibuwa. Ƙasar da ke tura alhazai dubbai kowace shekara kamar Najeriya, ya dace hukumar alhazanta ta sa wannan a sahun gaba na abin da take nema wa mutanenta.

Ga masu sayar da tikiti kuma, sana'arku amana ce. Mutumin da ya zo muku da kuɗin da ya daɗe yana tarawa, wanda wataƙila bai taɓa hawa jirgi ba, ku ne idonsa. Ku faɗa masa gaskiya: tikitin nan ɗaya ne ko biyu, akwatinsa zai wuce ko zai ɗauka a hanya, garin da zai ratsa yana neman biza ko ba ya nema. Ma'aikacin awo a filin jirgi yana da kundin ƙa'idojin ƙasashe a kwamfutarsa, in takardu ba su cika ba ba zai bar fasinja ya hau ba, domin kamfaninsa ake ci tara. Gara a ji ɗacin maganar a ofishinku da a ji ta a bakin jirgi, 'yan rakiya sun riga sun koma gida.

Kai kuma matafiyi, shawarata ita ce ka sayi lokaci kamar yadda kake sayen kujera. Inda ba za ka bi layin shige da fice ba, kada ka yarda da ƙasa da awa 2. Inda za a duba fasfonka a hanya, kamar Turai, ka nemi awa 3. Amurka, ko sauya ɓangare a Legas, ko tikiti biyu, awa 4 zuwa sama, in da hali ma ka kwana a garin. Ka duba ko akwai wani jirgin a bayan naka a wannan rana, domin hanyar da ake bi sau uku a mako, wanda ya rasa ta kwana biyu zai yi a kan benci. Fasfo da sauran wata 6 aƙalla, da katin rigakafin shawara, da adireshin masauki, da tikitin dawowa, su kasance a hannunka a takarda, kada ka dogara da waya kaɗai. Maganin da kake sha da tufa ɗaya su zauna a jakar hannu. In da tsoho ko majinyaci za ka, ka nemi a tanadar masa keke tun kwana 2 kafin tafiya, masu tura keken sun san hanya kuma ana ba su fifiko. Kada ka karɓi saƙon da ba ka san abin da ke ciki ba, ko na waye.

Da ka sauka, ka gyara agogonka zuwa lokacin garin, ka nufi ƙofar jirginka tukuna. Kanti da shayi su biyo baya. Salla ma addini ya yi wa matafiyi sauƙin ƙasaru da haɗawa, kuma manyan filaye da yawa suna da wurin salla a ciki. In ka ga layi zai cinye ka, ka nuna wa ma'aikaci katin shiga jirginka cikin ladabi, filaye da dama suna da hanya ta musamman ga masu ƙurarren lokaci. Matambayi ba ya ɓata. In kuma ƙaddara ta sa jirgi ya tafi ya bar ka, kada ka fita daga ɓangaren masu wucewa, ka nufi teburin kamfanin nan take, ka adana duk wata takarda da rasit.

Jama'a, tafiyar nan da muke yi ta neman halal ce, da neman ilimi, da neman lafiya, da ibada. Bai dace a ce sa'a ɗaya a layi ta rushe shirin shekara ba. Matafiyi ya yi tambaya kafin ya biya, ejan ya faɗi gaskiya kafin ya karɓa, hukuma kuma ta buɗe teburanta ta riƙa auna kanta da agogo. In kowa ya riƙe nasa, yawancin wannan asara za ta kau.

Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo mana da su lafiya.